In an shafe hukuncin aya, don me muke karanta ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A tafsirin azumin bana na ji an ce aya ta 234 a Suratul Baƙara, wadda ta sa takaba wata huɗu da kwana goma, ta shafe aya ta 240 mai maganar shekara guda. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya ayar da ta riga zuwa za ta shafe wadda ta biyo bayanta? Kuma in an shafe ta, don me muke karanta ta?
Daga wata ɗalibar Islamiyya, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, an riga ki yin wannan tambaya. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu ya tambayi Sayyidina Usmanu a kan wannan ayar ta 240 ɗin, me ya sa ake rubuta ta alhali an shafe ta. Usmanu ya ce masa, ya ɗan ɗan'uwana, ba zan gusar da komai daga wurinsa ba.

Inda lissafin ya rikice miki shi ne lambobin ayoyi. Jerin Mus'hafi daban, jerin saukar wahayi daban. Ba ki ga Iƙra'a ba? Da ita wahayi ya fara, amma sai kin kai izifin ƙarshe za ki same ta. To a wurin jamhurin malamai, wato mafi yawansu, ayar shekara ce ta fara sauka, ta wata huɗu da kwana goma ta zo daga baya. Hukuncin aka ɗauke, lafazin kuwa yana nan Alƙur'ani, ana salla da shi, ana samun lada.

Wannan fanni shi ake kira nasikhi da mansukhi, wato mai shafewa da wanda aka shafe, tushensa aya ta 106 a Baƙara. Umarni da hani kawai yake shiga. Ba ya taɓa tauhidi ko labaran annabawa, kuma ƙofarsa ta rufe da wafatin Manzon Allah (SAW). Misalinsa mafi sauƙi alƙibla: Musulmi sun fuskanci Baitul Muƙaddas wata goma sha shida ko sha bakwai a Madina kafin a juya su Ka'aba.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ɗalibai suka mai da kalmar "mansukhiya" sandar duka. Da aya ta gagare su haɗawa da wata, sai su ce an shafe ta. Manya ba haka suka yi ba. Wasu littattafan farko sun lissafa ayoyi sama da 200, domin magabata kan kira har keɓance hukunci ko yi masa ƙaidi da sunan nasakhi. Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, ya tace su a cikin littafinsa Al-Itƙan suka dawo kusan 20. Shah Waliyullahi na Delhi, a ƙasar Indiya, ya sake tacewa, biyar suka rage masa.

Ko ayar taki ma ba a haɗu a kanta ba. Mujahid, almajirin Ibn Abbas, yana ganin ba a shafe ta ba: takaba wata huɗu da kwana goma ce, sauran shekarar kuma dama ce aka bai wa matar ta zauna a gidan mijinta in ta so. Ni na fi natsuwa da maganar jamhuri, amma a aikace duka ɓangarorin sun yarda takaba wata huɗu da kwana goma ce. Mai ciki kuwa tata tana ƙarewa da haihuwa, kamar yadda aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Wallahu a'alam.