Amsar Yaya kan littattafan da za a saya wa yaro

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na ji muryarki tun da azahar, ina hanya ne daga Kawo, hayaniyar motoci ba ta bar ni na amsa ba. Kin ce ɗanmu ya shiga babbar sakandare, ya ce shi ya daina karanta ƙagaggun labarai, wai duk ƙarya ce, tarihi kawai yake so, kina tambayar wanne za ki saya masa. To, ki ba ni kunnenki, maganar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai wallahi na ji daɗi. Yaro ɗan shekara 15 ya ajiye waya ya ce a saya masa littafi, ai sai hamdala. Amma kada ki biye masa ki raba masa su. Haɗa masa za ki yi, kuma zan gaya miki guda uku da nake so ya karanta a jere, don zamani ɗaya suke magana a kai, kowanne ta ƙofarsa ya shigo.

Na farko Ganɗoki, na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam. Yana cikin littattafan nan biyar da suka fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ganɗoki jarumi ne na Kwantagora, tsoho ne yake ba yara labarin yadda suka gwabza da Turawa. Kuma gwabzawar ta faru da gaske, a 1901 Turawa suka ci Kwantagora, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Rabin farko na littafin, kai, akwai Hausa. Kirari, sukuwar dawaki, ƙura, sai ki ji jininki yana tafasa. Rabin ƙarshe kuwa ni bai gamsar da ni ba, don daga nan sai a bar ƙasa a shiga duniyar aljannu, shi da ɗansa Garba Gagare suna ta yaƙe-yaƙe a wasu ƙasashe. Yaro dai zai so wurin, na sani. Ni abin da nake so ya riƙe shi ne yadda mai takobi yake ganin kansa: shi ne gwarzo, shi ne mai gaskiya.

To yana ajiye shi, sai ki miƙa masa Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa. E, shi ɗin dai, Firayim Minista, lokacin yana malamin makaranta ya rubuta shi. Ɗan siriri ne, a zama biyu an gama. Malami ne a Rauta ta ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya fara ba su labari. A Kagara aka haife shi, aka yi wa mijin mahaifiyarsa, Makau, ƙulli a fada aka kore shi, shi kuma yaron aka sace shi, daga hannu zuwa hannu har Kano, har wani Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi. Yaro ya samu riƙo nagari, ya yi karatu, ya zama malami. Amma ni, ƙanwata, ba Umar ne yake tsaya mini a rai ba. Uwar ce. Matar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta, a hanya ita ma aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, ta sha wahalar da baki ba zai iya faɗa ba, sai a ƙarshen ƙarshe suka haɗu, kuma ba ta daɗe ba ta cika. Na koyar da littafin nan shekaru, duk sanda muka zo wurin nan sai aji ya yi tsit, har 'yan bayan nan masu surutu. Marubucin bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, a hankali yake magana kamar mai karanta wasiƙa, shi ya sa abin yake shiga jiki. Idan akwai inda zan kushe shi, to shi ne haƙurin Umar ya yi yawa, duk abin da ya same shi ba ki jin ya yi fushi ko sau ɗaya. An yi fim ɗinsa a 1976, amma ya fara karantawa tukuna.

Yauwa. Sai na uku, wanda shi ne tarihin da yake nema, kuma shi ne na fi so ku duka ku karanta, ba shi kaɗai ba. Labarin Baba ta Karo. Wannan ba ƙage ba ne. Tsohuwa ce Bahaushiya, an haife ta wajen 1877, ta rayu tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a nan Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, tana faɗa ana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, Baba ba ta ma gan shi ba, ta rasu a 1951. Daga baya an fitar da na Hausa, in an dace da shi ya fi, don muryarta ce tsantsa.

Kin san abin da ya sa na ce a jere? Sarkin nan da Ganɗoki yake alfahari da shi, a bakin Baba shi ne Mai Sudan, wanda in aka ji mahayansa sun doso, mutanen ƙauye sai gudu zuwa garin da yake da ganuwa. Tana ba da labarin yadda ake kama mutane a gona, yadda dangi suke tara wuri su je fansar nasu. Kuma ba ta ɓoye ba, gidansu ma suna da bayi, suna da rinji, wato ƙauyen bayi masu noma. Ba ta wanke kanta ba, ba ta wanke kowa ba. Har ta faɗi abin da ba ma son ji, cewa akwai talakawan da suka yi murna da zuwan Turawa saboda hare-haren sun tsaya. Ni ban ce mulkin mallaka alheri ba ne, Allah ya kiyaye, wanda ya san abin da aka yi a Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ko yadda aka share garin Satiru na kusa da Sakkwato a 1906, ba zai faɗi haka ba. Amma tsohuwar nan ta ga abin da idonta, dole a saurare ta. Bayan wannan kuma akwai aure, da kishi, da ƙawance, da bori, da goyo. Aurenta huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi. In kina karantawa sai ki riƙa jin muryar kakarmu, Allah ya jiƙanta.

To sai ki zaunar da shi ki tambaye shi: tsakanin Ganɗoki da uwar Umar da Baba, wa ya yi ƙarya? Ki bar shi ya yi ta kokawa da tambayar, kada ki ba shi amsa.

Manyan littattafan tarihi kuwa, su na Murray Last kan Daular Sakkwato, na 1967, da na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kan Katsina, ayyuka ne na ƙwarai, amma ba yanzu ba. Masu nauyi ne, an rubuta su ne don 'yan jami'a, in kika ɗora masa su yanzu sai ya tsani tarihin gaba ɗaya. Gara Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Hausa yake, zai ga jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.

Abu ɗaya kuma, in za ki saya ki buɗe ki duba kafin ki biya. Na taɓa sayen wani bugu a kasuwa, na zo gida na tarar shafuka takwas babu komai, fari fat, kuma a tsakiyar labari.

In an yi hutu ki turo mini shi, in kai shi Arewa House da ke Rabah Road a Kaduna, gidan Sardauna ne, akwai ɗakin karatu da kayan tarihi, ya ga takardun da idonsa. Shaihu Umar ɗin kada ki saya, ina da biyu, ranar Asabar zan taho da ɗaya in mun zo gaishe da Hajiya. Ana kiran magariba, sai mun yi magana. Ki gaishe mini da maigidan.