Noman rani zai jawo mana ruwan sama ne?

Wani manomi daga Kura ya turo tambaya, yace in ya shiga gonar shinkafa da tsakar rana sai yaji sanyi-sanyi ba kamar cikin gari ba, to in noman rani ya ƙara faɗaɗa nan gaba damina zata ƙaru a wajensu kenan?

Toh ɗan'uwa sanyin nan gaskiya ne. Zafin ranar da zai gasa busasshiyar ƙasa shi yake ƙarewa wajen busar da ruwan da ka ba gona, sai wurin ya huce amma iska ta cika da laima, shi yasa zaka ga gumi ya ƙi bushewa a jikinka, da dare kuma ga zufa ga sauro.

Maganar damina kuwa kar ka sa rai da yawa. A Sudan akwai Jazira, wajen da aka fara ban ruwa tun 1925 daga dam ɗin Sinnar, sama da hekta 800,000, Hausawa ma sun daɗe suna noma a can. Binciken da aka fitar a 2015 ya nuna ruwan sama ya ragu a kan gonakin da ake ba ruwan, ya ƙaru ta gabas wajen Gadarif. Dalili, hadari sai iska mai zafi ta tashi sama yake haɗuwa, ƙasa mai sanyi kuma bata ɗaga iska, kaga kai ka jiƙa gona maƙwabci ya sha ruwa. Kuma duk gonakin da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, har da naku na Kura, basu kama ƙafar Jazira ba wajen girma, don haka ni a ganina laima da cutar ganye zasu riga canjin damina zuwa muku.

Ka dinga ban ruwa da sassafe ko da yamma, tumatir kuma kar a cushe shi, a bar iska ta ratsa. Shinkafa ba dole sai tana kwance cikin ruwa kullum ba, ka samu guntun bututun roba ka huhhuda shi ka kafa a gona, sai ruwan ciki ya sauka kamar santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka sake sako ruwa, amma in ta fara fure kar ka bari ta ji ƙishi ko kaɗan. Masu ƙwadago kuma a bar su su huta daga azahar zuwa la'asar a watan Afrilu, a ajiye musu ruwan sha a gindin bishiya.