Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Binciken Kod ɗin C, Wacce Za a Saya, Wacce Za a Guje Wa

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga masu rubuta manhaja da yaren C suke, kuma damuwarsu iri ɗaya ce: yadda za su gano ɓarakar tsaro a kod ɗinsu kafin masu kutse su riga su ganowa. Ga waɗanda na zaɓa.

Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a Zariya. Furojet ɗina na'urar auna ruwan tanki ce a kan 'yar ƙaramar kwamfutar ESP32, da C na rubuta. Malamina ya ce sai na kawo shaidar na binciki kod ɗin da manhajar gano ɓaraka. Na duba intanet, duk wadda na gani da dala ake sayarwa. Kuɗin bugun furojet ma da ƙyar na haɗa. Wallahi na kasa barci.

Kwantar da hankalinki, 'yata, sisi ba za ki kashe ba. Abin da malaminki yake nema shi ne a sa wata manhaja ta karanta kod ɗinki ba tare da an kunna shi ba, ta bi hanyoyin da zai iya bi, ta nuna miki inda kika rubuta bayani fiye da girman wurin da kika tanada masa a memori, ko inda kika taɓa memorin da kika riga kika saki, ko inda kika karanta abin da ba ki taɓa sa masa ƙima ba. Wannan dabara tsohuwa ce. Tun 1978 Stephen Johnson ya rubuta lint a Bell Labs don wannan aikin, kuma jikokinta mafi amfani a yau kyauta ake ba da su.

Ki fara da abin da ke hannunki. Kompailar da kike haɗa kod ɗin ESP32 da ita, wato manhajar da ke juya kod zuwa abin da na'ura za ta iya aiki da shi, GCC ce. Ki ƙara mata -Wall da -Wextra, ki karanta duk gargaɗin da ta fitar, ki gyara su ɗaya bayan ɗaya. Idan GCC ɗin ta kai ta 10, wadda ta fito a 2020, ko wata bayanta, akwai -fanalyzer, wanda yake bin diddigin malloc da free, wato umarnin ɗaukar memori da na sakinsa, har ya gaya miki layin da kika saki memori sau biyu. Daga nan ki sauke Cppcheck, manhajar binciken kod ta kyauta, daga shafinta na asali, ba ta da nauyin da zai cinye miki data, ki sake ta a kan fayilolinki. Ki ɗauki hoton sakamakon kafin gyara da bayan gyara, ki rubuta bayanin kowane kuskure da yadda kika magance shi. Babi guda ke nan na furojet ɗinki, kuma zai fi na mutane da yawa nauyi. Allah ya ba da sa'a.

Sai na sayi sabuwar laftof mai Core i7 kafin in iya irin wannan binciken?

A'a. 'Yar Beljiyam mai RAM 8GB da SSD ta ishe ka, ThinkPad ko EliteBook. Kod ɗin da bai wuce layi dubu goma ba cikin ɗan lokaci Cppcheck take gamawa da shi. Batir ka fi buƙatar dubawa a wajen saye, tunda ka san halin wutarmu. Ragowar kuɗin ka ƙara RAM.

Malam, muna da ɗan kamfani a Kano, mu huɗu, muna rubuta manhajar da ke tafiyar da mitar sola. Wani mai shago a kasuwar waya ya ce zai sa mana kirak ɗin wata babbar manhajar binciken kod ta Turawa a filas, naira dubu biyar. Ya ce daidai take da ta asali. Mu karɓa?

Kada ku karɓa, kuma ku zauna in yi muku bayani, don wannan tambayar tana yawan zuwa mini kuma kullum sai ta ɓata mini rai.

Ku yi tunanin abin da za ku miƙa wa wannan manhajar. Kod ɗinku gaba ɗaya za ta karanta, layi bayan layi, domin aikinta ke nan. A cikinsa akwai yadda mitarku take tantance lambar da kwastoma ya saya, akwai adireshin sabarku, kuma in kuna cikin masu sakacin da na sani, har makullan sirri suna nan a rubuce a wani fayil. A kwamfutar da za ku sa ta ne kuke haɗa manhajar da za ta shiga mitocin mutane. Shi kuma kirak, ma'anarsa wani da ba ku sani ba ya buɗe cikin manhajar ya canza ta. Mai shagon bai san me aka canza ba, shi ma saukowa ya yi daga wani shafi. Kuma na san abin da zai fara ce muku a wajen sakawa: ku kashe antibairos tukuna. Kun ɗauki maigadi ke nan daga hannun wanda sharaɗinsa na farko shi ne ku cire kwaɗon ƙofa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, ya faru da waɗanda suka fi ku girma da kuɗi. A watan Satumban 2015 aka gano abin da aka sa wa suna XcodeGhost a ƙasar Sin. Xcode ita ce manhajar da Apple ke ba masu rubuta manhajojin iPhone, kuma kyauta ce. Amma fayil ɗin babba ne, saukarwa daga shafin Apple tana yi musu jinkiri, sai masu rubuta manhaja suka riƙa ɗauko kwafi daga wuraren ajiya na cikin gida. Ashe an cusa wa kwafin mugun kod, wanda yake shiga cikin duk manhajar da aka haɗa da shi. Masu rubutun ba su rubuta ko layi ɗaya na cuta ba, kod ɗinsu tsaf yake in ka karanta, amma abin da ya fita zuwa wayoyin jama'a gurɓatacce ne. Har WeChat, shahararriyar manhajar hira ta ƙasar Sin, abin ya shafa, kuma manhajojin da suka kamu sun haura 2,500 a cikin App Store. Don gudun jinkirin saukarwa kawai. Ku kuma don gudun kuɗin lasisi kuke shirin bin hanyar, da kayan aikin da kuka ɗauko don tsaro.

Ko da kun yi sa'a babu cuta a ciki, me kuka saya? Tsohon bugu ne da ba zai ƙara samun sabuntawa ba, bai san sababbin kompailoli ba, kuma babu wanda za ku tambaya idan ya rikice. Rahotonsa ba za ku iya nuna wa kwastoman kirki ba, domin tambayar farko ita ce ina lasisinku. Ga haƙƙin masu ita da kuka ci. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna shi ne ina da yaƙinin ba ku ƙure na kyauta ba. Kun kunna gargaɗin kompailarku? Kun gwada scan-build na kompailar Clang, wanda yake zana muku hanyar da kuskure ya bi mataki-mataki a burauza? Kun gwada Infer, da Facebook ta saki kyauta a 2015? A watan Fabrairun 2014 Apple ta toshe wata ɓaraka a sashen da ke tantance takardar shaidar shafukan intanet. Layi ɗaya ne, goto fail, aka rubuta sau biyu a jere, sai ya zamana ana tsallake binciken ƙarshe kowane lokaci. Gargaɗin -Wunreachable-code na Clang yana nuna kod ɗin da ba za a taɓa isa gare shi ba, irin wannan ɗin. GCC kuma tun daga ta 6 ta sa gargaɗin -Wmisleading-indentation a cikin -Wall saboda irin wannan tuntuɓen. Kayan da suke kwance a kwamfutarku yanzu haka ne. Ku gama da su, ku kawo gargaɗinku zuwa sifili, sa'an nan ku dawo mu yi maganar saye. Dubu biyar ɗin nan ku sa data ku sauke na halal daga shafukansu na asali.

Ranka ya daɗe, na saki Flawfinder a kan kod ɗinmu, ta fitar da gargaɗi kusan 400. Na duba goma na farko, babu matsala a ko ɗaya. Shin manhajar bogi ce, ko kod ɗinmu ne ya lalace haka?

Ko ɗaya babu. Flawfinder, wadda David Wheeler ya rubuta, ba ta fahimtar tafiyar kod. Sunayen umarnin C masu haɗari take nema: ta ga strcpy, strcat, sprintf, system, sai ta ɗaga hannu ta ba su maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon haɗari. Ko ka auna tsawon rubutun a layin da ke sama, ba lallai ta lura ba. Amfaninta ta nuna maka inda za ka kai ido, hukunci naka ne.

Ƙararrawar ƙarya ba za ta ƙare ba ko a manhajar da aka saya da tsada. Masana lissafi sun tabbatar tun 1953, ta hanyar ƙa'idar Rice, cewa babu manhajar da za ta iya yanke hukunci daidai a kan halayen kowane kod. Dole ko ta yi ihu a inda babu komai, ko ta yi shiru a inda akwai. Saboda haka ka tsara aikin. Fara da maki 4 da 5. A cikinsu ka fifita wuraren da bayani ke shigowa daga waje: intanet, fayil, kebul, madannai. Wanda ka tabbatar ba matsala ba ne ka sa masa alama tare da rubuta dalili a gefen layin, don kada wanda zai gaje ka ya sake wahala. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne kashe gargaɗi a jimla don allon ya yi tsabta. Na sha ganin an yi haka, aka binne na gaskiya ɗaya tare da na ƙarya ɗari.

Manhajar ta ce babu kuskure ko ɗaya. Zan iya rubuta "tsaro ɗari bisa ɗari" a takardar tallarmu?

Haba malam. Wa ya gaya maka shirun manhaja shaida ne? Ɓarakar Heartbleed, da aka bayyana ranar 7 ga Afrilun 2014, ta yi kusan shekara biyu a cikin OpenSSL, kod ɗin C da duniya ke dogaro da shi kuma manhajojin bincike suka sha bi ta kansa ba su gan ta ba. Mai aiko saƙo yana faɗin tsawon saƙonsa, sabar ta yarda ba ta auna ba, ta kwafo masa har kilobait 64 daga memorinta, da duk sirrin da ke wurin. Microsoft ta ce a 2019 kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar da take toshewa duk shekara matsalar memori ce, kuma ba rashin kuɗin sayen manhaja ne ya jawo mata ba. Ka haɗa kod ɗinka da -fsanitize=address, mai kama kuskuren memori yayin da kod ke aiki, ka kunna shi, ka sa manhajar gwaji ta AFL++ ta yi ta jefa masa tarkacen bayanai kwana da kwanaki, ka ba wani mutum ya karanta. Bayan duk wannan ma kada ka rubuta wannan maganar.

To yaushe ne ya dace a biya kuɗi?

Idan kwangila ta tilasta. Mai kayan mota ko na asibiti zai iya ce maka sai kod ɗinka ya bi ƙa'idojin MISRA C, waɗanda aka fara fitarwa a 1998 don masana'antar motoci a Birtaniya, ko CERT C na Jami'ar Carnegie Mellon, kuma yana son rahoto daga manhajar da aka amince da ita. A nan ne ake maganar manhajojin sayarwa irin su Coverity, Klocwork, Polyspace, PC-lint Plus ko PVS-Studio. Kuɗin ka sa shi a cikin farashin kwangilar tun farko, kuma ka tuna yawancinsu haya ce ta shekara-shekara da kuɗin waje, ga canji yana hawa yana sauka. Kada ka sa hannu sai sun ba ka lasisin gwaji ka saki manhajar a kan naka kod ɗin, domin misalan da suke nunawa a talla an zaɓe su ne don su yi kyau. Ka ƙirga abin da ta samo wanda Cppcheck da Clang ba su samo ba, shi ne abin da kake biya a kai. Ka kuma tambaya ko kod ɗin zai tsaya a kwamfutarka ko sabarsu zai tafi, don kwastomanka yana da ta cewa a nan. Idan kuwa aikinka buɗaɗɗe ne ga kowa, Coverity Scan da CodeQL na GitHub kyauta suke gare ka.

Takardar da malaminmu ya raba mana tana amfani da gets() wajen karɓar suna. Kompaila tana ta ƙorafi. In kashe gargaɗin?

Kada ka kashe, ɗana, kompailar ce da gaskiya. Babu hanyar gaya wa gets() girman wurin da ka tanada, komai aka aiko mata sai ta zuba. Ta wannan kafar tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta shiga kwamfutoci ta manhajar fingerd a watan Nuwamban 1988, kuma an cire gets() daga ƙa'idar C gaba ɗaya a 2011. Ka yi amfani da fgets() ka ba ta sizeof na ma'ajin, ka tuna tana barin alamar sabon layi a ƙarshe sai ka cire. Malamin kuma ka same shi a ofis shi kaɗai, ka nuna masa cikin ladabi, kada ka yi masa gyara a gaban aji.