Ni AS ne, gwajin sikilin na wadda zan aura ya fito "babu": shi ke nan?

Ɗan'uwa daga Aboabo, damuwarka ita ce ko wannan "babu" ya isa a sa ranar aure. Bai isa ba tukuna.

Himogilobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana da nau'o'i kamar A, S da C, amma nau'in S kaɗai gwajin sikilin yake kamawa. Ana ɗiga sinadari a kan jini a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje. Himogilobin C ba ya lanƙwashewa, don haka mai AC ko CC sakamakonsa "babu" ne, alhali nau'in C ya yi yawa a Ghana, musamman a zuriyar mutanen arewa, mu na zango ke nan. Idan ita AC ce, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SC, wanda shi ma sikila ne, yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. Kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba.

Ku nemi gwajin ilektiroforesis, ku biyun, shi ne ke rubuta AA, AS, AC, SC ko SS. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata 3, domin jinin wani yana rikita sakamako. Kada ku haɗa shi da rukunin jini: O+ ba ya faɗin komai game da sikila.

Idan wadda za ka aura ta fito AC ko AS, ku kai takardun sashen sikila na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, wanda ke gwada jarirai tun 1995, likita ya zauna da ku kafin manya su yanke magana.