Uzuri, Hanzari da Kame-kame: Amsoshin Wannan Mako

Wani mai bishara daga Malumfashi: Malam, zan yi wa matasa wa'azi a kan masu zille wa aikin Ubangiji. Na sa kan maganar "Ku daina yin uzuri". Daidai ne?

Mai bishara, ka goge shi tun kafin Lahadi. A Hausa kai ne kake kawo uzuri, wani ne yake yi maka. In ka ce su daina yin uzuri, mai kunnen Hausa zai ji kamar ka hana su ɗaga wa juna ƙafa, alhali haƙuri da juna da yafewa ne Bulus ya roƙi Kolosiyawa a sura 3 aya 13. Wannan ɓarna ta masu tsara wa'azi da Turanci ce, sai sun hau bagade su juya shi a tsaye.

Uzuri, wanda muka aro daga Larabci, ba abin kunya ba ne. Ciwo uzuri ne, rasuwa uzuri ce. Kalmar da kake nema ita ce kame-kame, halin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Duba Luka 14: an gayyace su biki, ɗaya ya ce ya sayi gona zai je dubawa, ɗaya ya sayi shanun huɗa zai je gwadawa, ɗaya ya yi aure. Tambayi manoman garinku wa ke biyan kuɗin gona kafin ya taka ta.

Wani ɗalibi daga Maraɗi: Me ya haɗa hanzari na sauri da hanzari na kare kai?

Ɗana, baki ɗaya ne mai harshe biyu, shi ya sa ake cewa "wani hanzari ba gudu ba", don kada ka ɗauka tsere ake nufi.

Wata uwa daga zumuntar mata a Wusasa: Malam, ɗana duk abin da ya aikata sai ya ce "ai abin ne ya faru" ko "sharrin Shaiɗan ne". Akwai karin maganar da zan riƙa yi masa?

Mama, akwai: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma ni ba karin magana zan ba ki ba, nahawu zan ba ki. Hausa tana da ƙofar baya da mai laifi ke sulalewa ta cikinta. Na fasa tulu, tulu ya fashe. Na zubar da miya, miya ta zube. Na ɓatar da kuɗi, kuɗi sun ɓace. A jimla ta biyu babu ƙarya ko ɗaya, sai dai mai aikin ya ɓace tare da kuɗin. Ina yaro na taɓa shiga ɗakin kakata na ce randa ta fashe. Ba ta ɗaga kai daga kaɗin da take yi ba, ta ce, "Ashe randar tawa ta gaji da duniya." Har yau in na ji jami'i a rediyo yana cewa "an samu kuskure", muryarta nake ji. Wa ya samo shi, a ina ya tsince shi?

Wannan ƙofa ta girmi Hausa. A Fitowa 32 Haruna ya ce wa Musa ya jefa zinariya a wuta ne kawai, sai ga ɗan maraƙi ya fito. Ya fito! Kamar ba shi ya ƙera shi ba. Adamu ya miƙa laifi ga matar, har ya shafa wa Wanda ya ba shi ita. Hawwa'u ta miƙa wa maciji. Sarki Saul, da Sama'ila ya tambaye shi kukan tumakin da yake ji, ya ce jama'a ne suka rage su don hadaya, wato ya fake da guzuma ya harbi karsana, sarauta kuwa ta kuɓuce masa. Dawuda ya yi abin da kunne ke ƙyamar ji, amma da annabi Natan ya nuna shi da yatsa, sai ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, bai ƙara da "amma" ba. Alkawarin gafara da ke 1 Yahaya 1:9 na wanda ya furta zunubinsa ne, furci kuwa da "na" yake farawa. In yaron ya ce ya fashe, ki ce ya sake jimlar. Shaiɗan dai jarabta yake yi, hannun na ɗanki ne.

Wata malamar makarantar Lahadi daga Jos: Shin "akwai zaki a hanya" karin maganar Hausa ce?

Daga Littafi Mai Tsarki take, Karin Magana 26:13 da 22:13, maganar rago ce. In kina da tsohuwar fassarar 1932, wadda Likita Miller na Zariya ya yi wa hidima, ki nemi littafin da sunan Misalai. Tamu ta gida ita ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wani dattijo daga Kafanchan: Abokina ya ƙi barin giya, ya ce hali zanen dutse ne.

Baba, Bahaushe ya yi wannan karin magana ne don ya gargaɗe ka game da halin wani, ba don mai halin ya shimfiɗa ta ya kwanta ba. Ka karanta masa Ezekiyel 36:26. Can ba a tsaya kankare zanen ba, dutsen aka ce za a cire a sa zuciyar nama.

Wani matashi daga Kano: Mene ne jam'in uzuri?

Uzurori. Da fatan ba tara su kake yi ba.