Sifika mai baki nawa ta dace da falona?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Amfilifayata ta ƙone sau biyu, kuɗin gyara ya ishe ni. Mai gyaran da ya ƙara mini sifiku biyu a kan na asali ya ce laifin wutar NEPA ne. Mai shago kuma ya ce in sayi akwati mai baki biyar in huta. Falona ƙarami ne, abin da muke ji karatun Alƙur'ani ne da labarai, sai fim na yara. Me zan yi? (Daga Fadaman Mada, Bauchi)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, falo irin naka akwati biyu masu baki bibbiyu, wato kowanne da wufa (babban bakin da ke fitar da bas, sauti mai kauri) mai inci 5 ko 6 da tuwita (ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti), sun ishe shi.

Mai baki ɗaya tana fitar da murya tas, domin babu mai raba sauti (na'urar da ke rarraba sauti tsakanin bakuna) a tsakani, amma bas ɗinta ba zurfi, kuma da ka ƙure murya sai ta fara kakari. Mai baki biyu ta gyara wannan, sai dai rabon yakan faɗa tsakanin Hz 2,000 da 3,000 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), daidai inda kunne ya fi kaifi, don haka in mai rabon na banza ne, a murya za ka fara jin aibin. Mai baki uku ta ware wa muryar mutum bakinta, tana da daɗi a babban falo, amma tana son tazara kafin sautin ya haɗu, kuma in kuɗinsu ɗaya, yawanci mai biyun ta fi kayan kirki a ciki.

Yanzu ga abin da ke ƙona maka amfilifaya, wanda kullum nake fama da shi a shago. Mutane sun ɗauka jona sifika kamar ƙara kwan fitila ne, ko nawa ka ga dama ka rataya. Duba bayan amfilifayarka, za ka ga an rubuta om ɗin da take ɗauka (om ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne, yana raguwa wutar da take ja tana ƙaruwa), yawanci 4 zuwa 8, wasu ma daga 6. In aka jona sifiku biyu masu om 8 a mafita ɗaya ta amfilifaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 4. In masu 4 ne, sun koma 2. Wutar da take turawa ta ninka, zafi ya taru, taransisto ya tafi. Sai mai gyara ya canja abin da ya ƙone, ya mayar da wayoyin nan yadda suke, ya karɓi kuɗinsa, ya ɗora wa NEPA. Haba! Wutarmu tana da nata laifin, amma mutumin da bai ɗora mita a kan sifika ba kafin ya jona ta, ba gyara yake yi ba, canki-canki yake yi da dukiyar mutane. Irinsu ne ke liƙa tuwita babu kafasita mai tare mata bas, bas ya shige ta kai tsaye ya cinye ta. Kuma waya mai zafi a bayan labule ba abin wasa ba ce a gidan da ke da yara.

Shi kuwa mai baki biyar, ka leƙa da kyau, a masu araha wasu bakunan ado ne, ko waya ba a kai musu ba. Kada wat dubun da ke jikin kwali ya ruɗe ka, in an rubuta PMPO kusa da lambar talla ce, RMS za ka nema, shi ne ƙarfin da take iya ɗauka a kai a kai.

Cire biyun da aka ƙara tun yau. In za ka sayi sabuwa, tafi da karatun da kunnenka ya saba da shi, a kunna maka da matsakaiciyar murya. In sinun da sadi ba su rabu ba, bar masa kayansa.