Kalmomin foka: filof, kika, tilt da sauransu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin Katsina. Ina kallon gasar kartar foka a YouTube, da dare kuma mukan buga da abokai a zauren gidanmu da marafan lemo, ba kuɗi a ciki. Rabin abin da masu sharhi ke faɗa ba na ganewa: filof, riba, nots, tilt da ire-irensu. Sannan mun yi gardama da abokina. Ina riƙe da As da 9, shi yana da As da 5, a ƙasa kuma akwai As, Sarki, Sarauniya, Jak da 3. Na ce ni na ci don 9 ta fi 5, shi kuma ya ce As ɗinsa baƙi ne don haka ya fi nawa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara raba gardamar kafin zumunci ya lalace a kan marfin kwalba. Ba wanda ke da gaskiya a cikinku, raba tulin za a yi daidai wa daida.

Foka ɗin da kuke bugawa shi ne Teksas Holdem, kuma ƙa'idarsa ita ce kowa ya zaɓi katin da suka fi kyau guda biyar daga cikin bakwai: biyu na hannunsa da biyar na ƙasa. Biyar ɗinka su ne As, As, Sarki, Sarauniya, Jak. Nasa ma su ne. Taranka da biyar ɗinsa ko ƙofar lissafin ba su shiga ba. Katin rakiya da ke raba gardama idan mutum biyu sun yi kunnen doki shi ake kira "kika", amma yana aiki ne kawai idan ya samu gurbi a cikin biyar ɗin. Da a ce 8 ce a ƙasa maimakon Jak, da kai ka ci, don naka zai zama As, As, Sarki, Sarauniya, 9, nasa kuma ya ƙare da 8. Maganar baƙi ya fi ja kuwa babu ita. A Holdem alamomin nan huɗu ba wadda ta girmi wata wajen cin tuli.

Sauran kalmomin zan rubuta su yadda kunne ke jinsu daga bakin masu sharhi. Kada ka zauna haddace su ɗaya bayan ɗaya. Ka bi hannu guda daga rabo zuwa ƙarshe, za ka ga kowace ta faɗa inda ta dace.

Kafin a raba kati, mutum biyu da ke hagun mai rabo sai sun zuba wani abu dole, ba tare da sun ga komai ba. Su ne "bulain", wato zubin makanta: ƙarami da babba, babban yawanci ninkin ƙaramin ne. Dalilinsu shi ne a samu abin da za a yi takara a kansa, in ba haka ba kowa sai ya naɗe hannu yana jiran As biyu har asuba. Abin da aka tara a tsakiya shi ne "fot", ni tuli nake ce masa. Faifan nan da kake gani yana zagayawa daga mutum zuwa mutum bayan kowane hannu shi ne "botin", yana nuna wanda ake ɗauka a matsayin dila, wato mai rabo.

Idan layi ya zo kanka, abubuwa kaɗan ne a gabanka. "Fol" shi ne ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. "Cek" shi ne ka wuce ba ka zuba komai ba, kuma hakan na yiwuwa ne kawai idan ba wanda ya sa abin da ba ka biya ba. Shi ya sa kake ganin suna ƙwanƙwasa tebur da yatsa. "Bet" shi ne ka fara zubi, "kol" ka biya daidai abin da wani ya zuba, "rez" ka ƙara a kan nasa. "Ol-in" kuwa ka tura duk abin da ke gabanka. Nan akwai abin da 'yan koyo ke yawan kuskurewa: mai marafai 30 da ya yi ol-in ba zai ci fiye da 30 daga kowane mutum ba. Abin da sauran suka ci gaba da zubawa sama da haka tulin gefe ne, "said fot", ba ruwansa da shi.

Bayan zagayen farko sai a buɗe kati uku lokaci guda a ƙasa, shi ne "filof". Sai a sake zubi, a buɗe na huɗu, "tan". A sake zubi, a buɗe na biyar kuma na ƙarshe, "riba", wato kogi da Turanci, ba ribar ciniki ba. Idan har an kai nan da sauran mutum biyu ko fiye, sai a yi "shodaun", kowa ya buɗe hannunsa.

Za ka ji masu sharhi suna nanata "fozishan", kuma sun yi gaskiya da suke nanata ta. Wanda ke kan botin shi ke magana a ƙarshe tun daga filof har riba. Ka tuna karar Mai'adua: wanda ya taya rago a ƙarshe ya riga ya ji tayin kowa, ya ga fuskar dillali, ya san inda ciniki ya dosa. Wanda ke hagun babban bulain kuwa, shi ne na farkon magana kafin filof, kuma saboda takurar wurin suka sa masa suna "onda da gon", wato a bakin bindiga. Kati ɗaya ne zai zama abin bugawa a botin, ya zama abin yarwa a can.

Jerin ƙarfin hannuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Mafi rauni shi ne wanda bai haɗa komai ba sai babban kati. Sama da shi "feya", kati biyu masu lamba ɗaya, sai feya biyu, sai uku iri ɗaya, sai "sitiret", biyar a jere kamar 5, 6, 7, 8, 9. Sama da sitiret akwai "fulosh", biyar masu alama ɗaya, sai "ful hawus", uku da biyu, sai huɗu iri ɗaya da suke kira "kwads", sai sitiret fulosh. A can ƙoli akwai "royal fulosh": 10, Jak, Sarauniya, Sarki da As duk alama ɗaya. Ba wani ne ya zauna ya tsara wannan jeri da son rai ba, ƙarancin samuwa ne ya tsara shi. Kati 52 na iya ba da hannu mai kati biyar har iri 2,598,960, kuma huɗu ne kacal a ciki royal fulosh, wato ɗaya cikin 649,740. As na iya zama babba a sitiret ko ƙarami, amma ba ya zagayawa: Sarauniya, Sarki, As, 2, 3 ba komai ba ne. Uku iri ɗaya kuma suna biyu gare shi. Idan feya ce a hannunka ta ukun ta fito a ƙasa, "set" ke nan. Idan biyun ne a ƙasa ɗaya a hannunka, "tirips". Set ya fi haɗari don ba mai ganinsa, kuma yana zuwa a filof kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi.

"Nots" da ka tambaya shi ne hannun da ba wanda zai iya doke shi bisa abin da ke ƙasa a wannan lokacin. A hannun da kuka yi gardama a kai, idan babu alama uku iri ɗaya a ƙasa, duk mai riƙe da 10 shi ke da nots, don ya haɗa sitiret daga 10 zuwa As.

Yanzu ga kalmomi biyu da a ganina suka fi duk sauran muhimmanci, kuma su ne masu kallo suka fi tsallakewa saboda akwai lissafi a ciki: "awut" da "fot ods". Awut shi ne katin da in ya fito zai cika maka hannu. A ce kana riƙe da zuciya biyu, filof ya kawo wasu biyu. Kowace alama kati 13 gare ta, ka ga huɗu, saura tara. Awut ɗinka tara ke nan. Damar cika fulosh daga filof zuwa riba kusan kashi 35 cikin ɗari ce. In tan ya wuce bai zo ba, saura kati 46 da ba ka gani ba, tara daga ciki naka ne, damar ta sauka ƙasa da kashi 20 kaɗan. 'Yan wasa na da gajeriyar hanya: ka ninka awut sau huɗu in saura kati biyu, sau biyu in saura ɗaya. Ba daidai take cif ba, amma ta kusa.

Fot ods kuma shi ne farashin da ake sayar maka da wannan damar. A ce akwai marafai 100 a tuli bayan tan, abokinka ya zuba 50. Za ka biya 50 don neman 150, tulin ya zama 200 da naka a ciki. Hamsin cikin ɗari biyu kashi 25 ne, damarka kuwa ba ta kai 20 ba. An tsawwala maka, sai ka yi fol. Da 20 ya zuba, za ka biya 20 cikin 140, kusan kashi 14, ka ga kol ya yi araha. Duk lokacin da ka ga ƙwararre ya yi shiru yana juya cips a hannu, wato 'yan faya-fayan da ake zubi da su a madadin kuɗi, galibi wannan lissafin yake yi, tare da tunanin irin katin da abokin karawarsa zai iya riƙewa, wanda suke kira "renj".

"Bulof" kowa ya san shi: ka zuba da yawa da hannu mara ƙarfi don ka tsorata mai ƙarfi ya ajiye. Yankakkun bidiyon da ake yaɗawa sun sa mutane na zaton rabin wasan bulof ne, alhali ƙwararru sun fi yawan yin fol fiye da komai, sai dai ba mai yanka bidiyon mutum yana ajiye kati. "Tel" shi ne alamar da jiki ke fallasa ka da ita, rawar hannu ko saurin magana. "Bad bit" shi ne ka shiga da rinjaye mai yawa, katin ƙarshe ya juya maka baya. As biyu, wanda ke zuwa sau ɗaya cikin 221, yana cin hannun da ba a zaɓa ba kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai, don haka faɗuwarsa ba abin mamaki ba ce. "Tilt" shi ne abin da ke biyo baya: zuciya ta ɗebi mutum, ya watsar da lissafi, ya dinga zubi don ramuwa. Ko a zaurenku ka lura, wanda aka yi wa bad bit shi zai fara yin ol-in a hannu na gaba.

Akwai kuma sunayen da suke laƙaba wa mutane, kuma nan ne za ka gane yadda harkar take. "Fish", kifi, shi ne mara ƙwarewa da ake ci da shi. "Shak", kifin nan mai cin 'yan'uwansa, shi ne ƙwararren. "Wel" shi ne attajirin da ke asara mai yawa bai damu ba. "Kolin siteshan" shi ne wanda ba ya iya ajiye kati, kome ka zuba sai ya biya. "Nit" kuwa matsoraci ne da ba ya shiga sai da manyan kati. Sai "rek", kamashon da gidan caca ko manhaja ke yanka daga tuli, sau da yawa wajen kashi biyar cikin ɗari. Ko da a ce ku shida ƙwarewarku ɗaya, in kuka daɗe a tebur mai rek, jimillar abin da ke gabanku raguwa za ta dinga yi, don gidan ba ya zuba komai, ɗiba kawai yake. Na faɗi wannan ne don manhajojin da ke farawa da cips na wasa su ne ke tallata maka na kuɗi daga baya. Da zarar naira ta shiga, ya zama caca, kuma kai ɗan Katsina ne, ba sai na karanto maka aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba, ga shi kuma jihar na bin Shari'a tun shekarar 2000. Hukuncin kartar da ba kuɗi a cikinta ma malamai sun yi magana a kai, su ya kamata ka tambaya, ba ni ba.

Gasar da kake yawan gani wataƙila ita ce ta duniya da ake yi a Las Begas ta Amurka, wadda aka fara a 1970. Kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya lashe ta ya tafi da dala miliyan biyu da rabi, kuma daga nan foka ta bazu a duniya. Labarinsa ake ta maimaitawa, ba a ba da labarin ɗaruruwan da suka biya kuɗin shiga a shekarar suka koma gida hannu rabbana.

Daga irin waɗannan gasa da tsoffin labarai ne wasu hannuwa suka samu laƙabi. As biyu "roket" ne, Sarki biyu "kaboyi", As da Sarki "big silik". 10 da 2 ana kiransu Doyle Brunson, don da su ya kammala cin gasar duniya a 1976, ya kuma sake ci da su a 1977. As biyu da 8 biyu su ne "hannun mamaci", saboda labarin da ake bayarwa cewa su Wild Bill Hickok ke riƙe da su lokacin da aka harbe shi yana karta a garin Deadwood a 1876. In kuma ka ji mai sharhi ya yi dariya ya ce wani ya shiga da "seben dus", 7 da 2 yake nufi masu alama daban, hannun da aka fi rainawa a Holdem: sun yi nisa da juna ba za su haɗu a sitiret ɗaya ba, ko feya suka yi ƙarama ce, kika ɗinsu kuma mai rauni ce.